Ƙarfen da Ya Yi Furfura

A daren da ƙarar nan ta tashi a Dogon Dutsi, ko karnuka ba su yi haushi ba. Ba kukan kura ba ne, ba kuma na jaki ba. Wani irin nishi ne siriri, mai tafiya yana dawowa, kamar saniya ta faɗa rijiya mai zurfi tana kiran ɗanta. Duwatsun da suka tsaya a kan garin suka karɓe shi suka mayar, har mutumin gabas ya rantse daga yamma yake fitowa, na yamma ya ce a'a, daga gabas ne. Maikano mai bin sawu ya ji shi daga kan tabarmarsa. Ya ce a ransa, ko mene ne, in dai yana da ƙafa gobe za su gana. Ya juya ya koma barci.

Da gari ya waye, maƙwabciyarsa Ladidi, wadda wasan bori ba ya wuce ta, ta leƙo ta kan danga.

"Maikano, ka ji ta jiya? Doguwa ce. Tun ran da Annasara suka fasa mata dutse suka yi hanya nike faɗa muku za ta yi magana."

"Ta bar sau, Ladidi?"

"Kai dai yi ta ba'a. Wata rana sai ka bi sawun da ba ka iya dawowa."

Ba ta rufe baki ba sai ga gardi, ɗan sandan Annasara, daga bariki, da jar hula da bulala a hammata. Ya ce kumandan, Annasaran da ke mulkin garin, na kira. An sace fuskar motarsa.

Shekarun yaƙin Jamus ne, lokacin da aka rufe hanyar ƙasar Ingilishi, jirgin ruwa ya daina kawo wa Annasara kayansu. Mota ɗaya ce tak a garin, ta kumandan, wanda mutane ke kira Mai Jan Wuya in ba ya kusa. A gaban motar akwai wani farin ƙarfe mai kama da ƙyauren ƙaramin rumbu, shi ya kewaye wurin da ake zuba mata ruwa. Shi ake ce wa fuskar mota. Annasara na kiran irin ƙarfen alminiyon, mutanenmu suna ce masa goran ruwa. Abin mamakinsa shi ne, kowane ƙarfe in ya tsufa tsatsa yake yi ya koma ja, shi kuwa wannan furfura yake yi kamar mutum. Wani farin gari ne ke fito masa, hasken ya dushe, ya zama kamar idon tsohon da farar yana ta rufe.

Haka fuskar motar ta zama, ga shi man gogewar da ake kawowa a gwangwani ya ƙare tuni, ga gwamna zai zo daga Yamai ran Juma'a.

Kumandan yana tsaye a barandar bariki, wuyan nan ya ƙara ja. Ya yi ta magana, tafinta yana juyawa.

"Ya ce kafin Juma'a yana son ƙarfensa, yana kuma son ɓarawon. Ya ce a garin nan mutum ɗaya ne ke da amfani da farin ƙarfe, shi ne Jibo maƙerin farfaru. In ba ka kawo wani ba, Jibo zai tafi aikin hanya."

Jibo taubashinsa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Kuma Jibo na da tarin da ke tayar da shi zaune tun sanyin bara. Samari masu jini a jika ma in aka kai su aikin hanya, suna fasa dutse da ɗaukar ƙasa a kwando, dawowa suke yi kamar kara, wasu kuma sai dai a kawo rigarsu.

*

A garaji ya tarar da Umaru shofer, mai tuƙa motar, zaune a kan gwangwanin mai ya dafe kai. Baƙo ne a garin, aiki ya kawo shi tare da tsohuwarsa.

"Baba Maikano, ni na kwance ta da hannuna jiya da la'asar. Na jingine ta nan jikin bango. Na goga da tsumma, na goga da kananzir, na goga har da sabulun madam matar kumandan. Ko gezau. Kumandan ya ce in gwamna ya gan ta haka, in nemi wani aiki."

"Bayan ka jingine ta fa?"

"Aka kira ni gidan kumandan in gyara fitila. Da na dawo duhu ya yi, na ɗauki tuwon da Inna ta ajiye mini na tafi. Ban ko duba bangon ba."

Gado mai gadi ya ce shi bai ga kowa ba. Da Maikano ya dube shi da kyau, ya ce to, gaskiya da magariba ya ɗan zaga cin abinci. Da aka ƙara dubansa, ya ce da ƙarar nan ta fara ya shige ɗaki ya tokare ƙofa da baya.

"Ni gadin mutane aka ɗauke ni, ba na iskoki ba."

Maikano ya tsuguna ya karanta ƙasa. Gardawa sun tattake bakin ƙofa da manyan takalmansu, amma gefen bango bai ɓaci ba. Ga takalmin Umaru. Ga faffaɗan sawun Gado. Ga ƙafar tsohuwa ba takalmi, yatsunta a barbaje, ta shigo ta fita: Inna Zalihatu ce, uwar Umaru, mai kawo tuwo, kullum sawunta na nan. Ya sa yatsa ya gwada zurfin sawun shigarta da na fitarta, ya ga ɗaya ne. Wanda ya ɗauki kaya diddigensa kan nutse. Maikano ya taɓa taya tura motar nan da ta kafe a rairayi, bayansa ya yi kwanaki yana tuna masa, don haka bai ga abin tambayar nauyin fuskarta ba. Ƙarfen mota ai ƙarfen mota ne. Ya bar sawun tsohuwa ya zaga bayan bango, inda ya ga shanu sun wuce da daddare, da wani mai dogon taku yana biye da su, sun nufi hanyar Kiyeshe.

*

Kafin ya bi shanu sai da ya biya maƙera. Jibo na zaune gaban wuta yana narkar da tagulla, yana tari yana zagin gawayi.

"A'a, ga bawana ya zo kama ubangijinsa. Ka zo da igiya ko in ara maka?"

"Wa zai ɓata igiya a kanka? Zare ya isa. Jibo, kai ka ɗauka?"

"Da ni na ɗauka da tuni ya zama cokula, kana shan kunu da ɗaya kana yaba mini."

"Ba wasa nike ba. Aikin hanya ya ce."

Jibo ya ajiye awartaki.

"Na ji. Gari duka ya ji. Tun safe ba wanda ya kawo mini aiki, matan da ke gaishe ni sun koma bin bayan kasuwa. Abin da ya fi ba ni haushi, yaron nan wata guda yana gurzar abin nan da tsumma yana kuka, maƙerata na nan ƙarƙashin hancinsa. Ya saka wando irin na Annasara, ya fi ƙarfin tambayar maƙeri."

"Da ya tambaya za ka iya?"

"Tafi ka bi shanunka, bawa."

*

Rugar masu shanun tana bayan wata fadama mai kalgo, tafiyar rabin yini. Mai dogon takun wani makiyayi ne mai suna Saminu, ya kuma amsa cewa shi ya ratsa bayan bariki da shanunsa, don gudun gonakin da ba a girbe ba. Maikano yana tambayarsa, idonsa yana kan matarsa Habiba da ke kaɗa nono. Daga wuyan hannunta har gwiwar hannu fararen mundaye ne sababbi, manya-manya, suna ɗaukar ido.

Habiba ta lura da shi.

"Kaɗo, hannuna kake kallo ko nonon? In nono ne kawo ƙwarya."

"Wanga ƙarfe, ina kuka same shi?"

Saminu ya yi dariya. Ya shiga bukka ya fito da guntun wata tsohuwar gorar ruwa ta soja, an yanke rabinta, har da marfinta. Ya ce wani tsohon soja ne ya ba shi a bakin ɗan akuya, maƙerin Kiyeshe ya zuba mundayen tun kafin sallah, a je a tambaye shi.

Habiba ta zare munduwa ɗaya ta jefa masa.

"Riƙe ka ji, kada ka mutu da kallo."

Maikano ya shirya hannu don nauyi, sai hannun ya yi sama da kansa. Munduwar da ta kai kaurin babban yatsansa ba ta fi ɓawon gyaɗa nauyi ba. Ya jujjuya ta, ya ɗora a tafi, ya sake ɗagawa. Ƙarfe ne, ga sanyinsa, ga ƙararsa in an ƙwanƙwasa, amma kamar an zare masa rai an bar jikin.

Nan take ƙasar garaji ta dawo masa a ido. Sawun tsohuwa na shiga, kowane taku biyu da ɗan ramin sanda a gefen dama. Sawunta na fita, ba ramin sanda ko ɗaya, takun gajeru ne a miƙe, irin na macen da ta ɗora abu mai faɗi a ka ta tallafe shi da hannu biyu. Ya gani da safe, idonsa ya gani sarai, kansa ne ya ƙi karɓa.

Ya mayar wa Habiba munduwarta, bai ko tsaya shan nonon ba.

*

Ba a taɓa shiga gidan Inna Zalihatu ba a yi zancen tasoshinta ba. Na tagulla ne, gadon uwarta, tana jera su a rana suna walƙiya kamar an kunna musu wuta a ciki. Matan unguwa kan turo 'ya'yansu su koyi wanki a wurinta. Washegari da safe da Maikano ya shiga, tasoshin suna kife ba a wanke ba. Ita kuma tana zaune a gindin bango, hannayenta duka biyu a naɗe da tsumma.

"Inna, ina kwana. Lalle aka sa?"

"Lalle, ɗan nan. Tsufa ba ya hana kwalliya."

Maikano ya dubi tukunyar ruwan toka a gefen murhu, babba, an kwashe ta har gindi. Ya dubi wani wuri a tsakar gida inda ƙasa ta yi baƙi-baƙi, an watsa rairayi a kai ba a rufe duka ba. Ya zauna a kan turmi.

"Inna, da kika fito garaji, ina kika sa sandarki?"

Kaza ta zo ta tsattsaga baƙar ƙasar ta wuce.

"Bisa kai na ɗora ta, tare da abin," in ji ta a hankali. Sai hawaye. "Yaron nan ya daina cin tuwo. Ya kwanta yana juyi, yana cewa za a kore shi saboda ƙarfe ya ƙi haske. Na ce ƙarfe? Ni da nike wankin ƙarfe tun ban yi wayo ba? Na ce bari in ɗauko, in wanke mishi, kafin asuba in mayar, ya tashi ya ga ikon Allah. Na dafa ruwan toka na ƙara kanwa don ya yi ƙarfi. Na zuba. Sai abin ya kama tafasa yana huci awa maciji. Na sa soso da rairayi na gurza, shina kuka ina gurzawa, ni ma ina jin tsoron kukan amma na ce dauɗa ce ke fita. Da na haska fitila…"

Ta tashi da ƙyar ta buɗe rumbu, ta ture damman hatsi. Fuskar motar na kwance a ƙasa, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, duk jikinta zane-zanen rairayi.

"Tokar da ke sa tagulla dariya," in ji ta, "ita ta kashe wanga. Ni ina zan sani?"

Ta kwance tsumman hannunta. Fatar yatsun ta saɓule, ta yi jajir.

"Umaru ya sani?"

"Bai sani ba. Maikano, don Allah. In ka faɗa, ba ni za su kama ba, shi za su kama. Za su ce shi ya sa ni."

Gaskiya ta faɗa. A shekarun nan, ɓata kayan Annasara ya fi sace shi muni, sai a ce da hannun Ingilishi, abokan gabarsu na lokacin, a ciki. Maikano ya ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya, ya ji kamar faifai ya ɗauka. Ya naɗe shi a tabarma ya ɗora a ka, ya bi ta bayan gari kamar mai kai shimfiɗa gona.

*

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, shi ya sa ya yarda da ita. Za a cire baƙin nan, ya kai wa kumandan kayansa, ya ce a cikin duwatsu ya tsince shi, sawu kuma ya ɓace a kan fā, shimfiɗaɗɗen dutsen nan, inda ko kura ba ta barin alama. Ba ɓarawo, ba tsohuwa, ba aikin hanya.

Jibo ya zo bayan gidan Maikano da hantsi, da jakar fatarsa. Da ya ga ƙarfen sai da ya dafe ƙirji.

"Wayyo. Wa ya yi maka haka, ɗan marayan Allah? Toka! Wanga ba ya shiri da toka, tsami yake so, awa mai ciki."

Suka jiƙa tsamiya cikin babbar tukunya suka dafa har ta yi kauri, Jibo ya matse lemun tsami a kai. Suka kwantar da ƙarfen a kwamin shayar da awaki, suka kwarara masa ruwan da ɗuminsa. Ba huci, ba kuka. A hankali baƙin ya fara saki yana narkewa cikin ruwan, kamar hadarin da ya fasa zuba.

Ladidi ta leƙo ta kan danga tana shaƙar iska.

"Kunun tsamiya na gari duka kuke damawa?" Sai idonta ya sauka cikin kwamin. Ta rufe baki da hannu.

"Ga Doguwarki nan muna yi mata wanka," in ji Jibo. "In kin faɗa wa wani, za ta biyo ki."

Kafin azahar baƙin ya tafi, ƙarfen ya koma fari-fari mai duhu, kusan yadda yake kafin a ɗauke shi. Maikano ya ce ya isa haka.

"Mi ya isa? Dubi zanen rairayin nan. Ko makaho ya shafa ya san an gurje shi."

Ya fito da garin ƙashi ƙonanne wanda ya tankaɗe da tsumma, ya kwaɓa da man gyaɗa, ya kama murzawa da auduga, hannunsa yana tafiya hanya ɗaya ba ya kewayawa. Audugar na yin baƙi yana jefarwa yana ɗaukar wata. Zanen ya ɓace. Maikano ya sake cewa ya isa.

"Bawa, ni ban taɓa barin aiki a rabi ba, ba kuwa zan fara a kan na Annasara ba, su ce maƙeran Arewa iyakarsu ke nan."

Ya koma farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama, daga nan busasshiyar auduga zalla. Yana tari yana murzawa, yana yi wa ƙarfen magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Sai Maikano ya ga wani abu na motsi a cikin ƙarfen. Ya sunkuya. Gajimare ne. Ga shirwa tana shawagi, ga kan Dogon Dutsi a kife, ga wani tsoho mai tsagen Arawa a kumatu yana kallonsa da baki buɗe. Bai taɓa ganin fuskarsa gaba ɗaya haka ba sai a cikin ruwan rijiya, ita ma tana rawa. Ya manta da kumandan, ya manta da Juma'a. Bai ƙara cewa ya isa ba.

*

Ran Alhamis da la'asar aka tara su a gaban bariki, gindin babbar tsamiya: Jibo, Gado, Umaru, da Saminu wanda gardawa suka taso daga ruga. Rabin gari ya tsaya a bayansu. Maikano ya kwance tabarma. Hasken rana ya daki ƙarfen ya koma kan fuskokin mutane, aka yi ta salati.

Ya faɗi labarinsa na duwatsu da fā, tafinta ya juya. Kumandan ya sauko daga baranda yana murmushi, abin da ba a taɓa gani ba. Ya zaga ƙarfen, ya duba haƙoransa a ciki. Sai ya tsuguna ya shinshina. Ya shafa yatsa a wani lungu, ya fito da ɗan maiƙo. Murmushin ya tafi.

"Ya ce," in ji tafinta, "abin da ya kwana cikin duwatsu ba ya goge kansa. Ya ce shofer ɗinsa ya yi wata guda bai iya ba. Ya ce ɓarawon ne ya gyara shi don ya sayar, da ya ji wuta ya yar. Kowa ya miƙo hannu."

Gado ya miƙa, Saminu ya miƙa, Umaru ya miƙa. Jibo ya daɗe hannayensa na cikin riga. Da ya fito da su, baƙin ƙarfen nan mai sheƙi kamar tozali ya shige kowane layi na tafinsa da ƙarƙashin farce. Ya wanke da sabulu tun jiya, ya ƙi fita.

"Ni ce!"

Inna Zalihatu ce ta kutso cikin mutane tana dogara sanda, ta ɗaga saɓulallun hannayenta sama.

"Ni na ɗauka! Bisa kaina na kai shi gida! Ku bar bawan Allah!"

Tafinta ya juya maganar yana dariya. Kumandan ya dubi tsohuwar, wadda iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, ya dubi ƙarfen da bai taɓa ɗagawa da hannunsa ba tun da aka kawo masa motar. Shi ma ya yi dariya. Ya tambaya ko uwar wa ce.

Umaru ya dubi hannayen uwarsa. Ya dubi na Jibo. Kowa ya ga lokacin da ya gane. Ya je ya kama kafaɗarta.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ta tsufa, kanta ya fara ruɗewa. Inna, mu tafi gida."

"Umaru, sake ni! Umaru!"

Ya ja ta, sandarta tana jan layi a ƙasa.

Maikano ya matsa gaban tafinta.

"Gaya mishi ni na kira Jibo. Gaya mishi a gidana aka goge. Tsohuwar nan gaskiya ta faɗa, ya ɗaga ƙarfen da kansa ya ji."

Tafinta ya rage murya, bai dubi kumandan ba.

"Baba, in na juya wagga magana, kai ka yi wa kumandan ƙarya a gaban jama'a, yaron ya ɓata kayan gwamnati, maƙerin ya taya ku ɓoyewa. Ku uku za ku tafi, tsohuwar ta mutu ita kaɗai cikin ɗaki. In juya?"

"Kada ka juya," in ji Jibo. Ya dubi Maikano, ya yi ɗan murmushi. "Rufe bakinka, bawa. Yaushe bawa ya fara magana gaban ubangijinsa? Ka dai ce wa yara su rufe mini zuga-zugi, kada ɓera ya ci fatar."

Gardi ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Da za su wuce, Jibo ya waiwaya ya dubi ƙarfen sau ɗaya, ya nuna da haɓa.

"Ga wani ɗan wuri can ƙasa ban gama ba."

*

Gwamna ya zo ran Juma'a, aka ce ya yaba da motar. Yara suka yi ta bin ta suna leƙa fuskokinsu. Umaru ya ci gaba da tuƙi, sai dai ya daina bi ta gaban maƙera, yana zagawa ta bayan kasuwa ko da kumandan na sauri. Inna Zalihatu ba ta ƙara jera tasoshinta a rana ba. Suka yi kore a kife.

Bayan girbi aka kawo rigar Jibo da jakar fatarsa. Wanda ya kawo ya ce tarin ne, a wani wuri da ake fasa dutse, bai san sunan wurin ba.

Damina ɗaya ta wuce a kan motar, furfurar ta dawo. Wata safiya gardi ya zo gidan Maikano, ya tsaya a tsakar gida, mutanen unguwa suka taru a bakin ƙofa. Ya ce kumandan na tambaya ko akwai wani a garin da ya san yadda aka yi wancan gogewar, za a ba shi lada. Maikano yana zaune a kan kwamin awakin nan, yana kallon ƙasa. Ya ce shi sawu kawai ya iya bi.

Da gardin ya fita, Ladidi ta ɗora haɓa a kan danga. Ba da tsokana ta yi maganar ba, a hankali ta yi ta, kamar abin da ya daɗe yana cin ta.

"Maikano, wai ni kam, da kun bar shi da furfurarsa tun azahar ɗin nan, da yanzu Jibo na maƙerarsa?"

Maikano bai ɗago ba. Mutanen bakin ƙofa suka dubi juna, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.